Daga Farauta Zuwa Rumbu: Yadda Ɗan Adam Ya Bar Yawo Ya Kama Noma

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, tana cikin manyan wuraren sarin kayan masarufi a Arewacin Nijeriya, inda manyan motoci ke sauke buhunan shinkafa da sukari da fulawa da katan-katan na taliya da jarkokin man girki, 'yan dako su jibge su a sito, kafin 'yan sari su kwashe zuwa jihohin Arewa da Nijar da Chadi. Mafi yawan waɗanda ke neman abinci a wannan kasuwa ba su ne suka shuka abin da suke sayarwa ba, ba su ma san gonar da ya fito ba, amma ba sa shakkar cewa gobe wani kayan zai iso. Irin wannan natsuwa sabuwar aba ce a tarihin ɗan Adam, domin masana kufai, wato masu tona tsofaffin matsugunai suna nazarin abin da mutanen dā suka bari, sun ƙiyasta cewa mutum ya shafe kimanin shekaru 300,000 a doron ƙasa, alhali noma bai wuce shekaru 12,000 ba. Hausawa na yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, amma farauta da su da tsintar 'ya'yan itatuwa sun girme shi nesa ba kusa ba. Abin da binciken shekaru 100 da suka wuce ya nuna shi ne, mutum bai koma manomi rana ɗaya ba, kuma abin da ya fara ɗaure shi wuri guda ajiyar abinci ce, gona ta biyo baya.

Rayuwar kafin noma

Mutanen farko suna zaune ne ƙungiya-ƙungiya, galibi mutum 20 zuwa 50, suna sauya zango gwargwadon yadda ruwa da namun daji da 'ya'yan itatuwa ke samuwa a lokutan shekara. Yawonsu yana da tsari, domin sun san inda kowace bishiya take da lokacin nunarta, sun san saiwar da ake ci da wadda ke kisa, kuma sun san sarai cewa ƙwayar da ta faɗi ƙasa takan tsiro idan ta sha ruwa. Saboda haka rashin sani ba shi ne ya hana su noma ba. Binciken da Richard Lee ya yi a shekarun 1960 a tsakanin mafarautan hamadar Kalahari ya nuna cewa babban mutum yakan samu abincin da zai ishe shi da aikin kwana biyu zuwa uku a mako, abin da ya sa masana suka daina tambayar me ya jinkirta noma, suka koma tambayar me ya sa wanda ke da irin wannan sauƙi ya yarda ya duƙa.

Ragowar waccan rayuwa tana nan a abincin Bahaushe. Kuka da ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da kanya da aduwa da goruba da magarya, akasarinsu ba dasa su ake yi ba, barin su ake yi a gona idan sun fito. A shekarun fari kuwa mutanen karkara a Nijar sukan koma ga anza, su jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, haka kuma sukan sussuke ƙarangiya su ci ƙwayarta, wadda matafiyi Heinrich Barth ya ambata a ƙarni na 19 cewa Buzaye da yawa na dogaro da ita.

Dalilan da masana suka kawo

Gordon Childe, masanin kufai ɗan asalin Ostireliya, shi ne ya yayata batun a shekarun 1930, inda ya kira shi juyin juya halin sabon zamanin dutse, wato zamanin da ake goge makaman dutse su yi santsi kafin a san ƙarfe. A ganinsa fari ne ya tara mutane da dabbobi da tsirrai a bakin dausayi har suka saba da juna. Robert Braidwood, wanda ya fara tona kufan Jarmo a arewacin Iraƙi a 1948, ya ƙi wannan ra'ayi, ya ce noma ya fara ne a gindin tsaunukan da alkama da sha'ir da tumaki da awaki na daji ke rayuwa tun asali. Daga baya Mark Cohen ya kawo hujjar yawan jama'a a 1977, yana ganin cewa mutane sun cika wuraren da ke da sauƙin abinci har ya zama dole su koma ga ƙananan ƙwayoyin ciyawa masu wahalar sarrafawa. Wasu kuma sun jingina lamarin ga bukukuwa da bauta, musamman bayan da Klaus Schmidt ya fara tona Gobekli Tepe a kudu maso gabashin Turkiyya a 1995, inda aka tarar da ginshiƙan dutse masu sassaƙen dabbobi waɗanda aka kafa kimanin shekaru 11,500 da suka wuce, tun kafin hatsin gida ya bayyana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya wadatar shi kaɗai, amma akwai sharaɗi guda da kusan kowa ya amince da shi, wato yanayi. A zamanin ƙanƙara yanayin duniya yana da sanyi da bushewa, yana kuma juyawa cikin gaggawa, ta yadda al'ummar da ta dogara da shuka ba za ta daɗe ba. Kimanin shekaru 11,700 da suka wuce duniya ta shiga wani zamani mai ɗumi da damina mai tabbas, kuma a cikin 'yan dubban shekarun da suka biyo baya noma ya ɓullo a wurare da dama da ba su san juna ba. Kayan da ke Kasuwar Singa shaida ne a kan haka: alkamar da aka yi fulawa da taliya da ita asalinta yammacin Asiya, shinkafar da ta fi yawa a buhuna asalinta kwarin kogin Yanze na ƙasar Sin, masara ta fito daga kudancin Meksiko kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, rake daga tsibirin Niu Gini, gyaɗa daga Kudancin Amurka, manja kuwa ɗan Afirka ta Yamma ne.

Rumbu ya riga gona

Wurin da aka fi bincikawa shi ne yankin da ya lanƙwasa kamar jinjirin wata daga Falasɗinu da Jodan, ya bi ta Siriya da kudancin Turkiyya, ya gangara Iraƙi tsakanin kogunan Dijla da Furatu. A can, wajen shekaru 15,000 da suka wuce, wasu mutane da masana ke kira Natufawa suka fara gina zagayayyun ɗakuna masu harsashin dutse, suna binne matattunsu kusa da gida, suna yankan alkama da sha'ir na daji da lauje mai haƙoran ƙanƙarar dutse, suna daka a manyan turamen dutse waɗanda ba sa ɗaukuwa. A kufan Shubaika da ke Jodan an samu ƙonannun gutsattsarin gurasa masu shekaru 14,400, ke nan an gasa gurasa dubban shekaru kafin a san gonar alkama. Yadda hakan ya yiwu ya fito fili a gwajin da masanin tsirrai Jack Harlan ya yi a 1966 a Turkiyya, inda ya yanki alkamar daji da irin laujen mutanen dā, ya samu kimanin kilo 1 na tsabar hatsi a awa guda, ya kuma lissafa cewa iyali ɗaya za su iya tara abin da ya fi abincin shekara cikin mako 3.

Wanda ya tara abincin shekara cikin mako 3 ba ya iya ɗaukarsa a ka ya bi daji, kuma ba ya iya barinsa ba mai gadi. A kufan Dira, kusa da Tekun Gishiri a Jodan, Ian Kuijt da Bill Finlayson sun bayyana a 2009 cewa sun gano rumbuna masu shekaru kimanin 11,300, waɗanda aka gina da laka, aka ɗaga daɓensu a kan duwatsu don iska ta ratsa kuma ɓera ya kasa shiga, dabarar da manomin ƙasar Hausa ke bi har yau idan zai ɗora rumbu ko rufewa a kan duwatsu. Hatsin da aka zuba a waɗannan rumbuna na daji ne, domin sun girmi hatsin gida da kusan shekaru 1,000. Ɓeran gida ma a matsugunan Natufawa ƙasusuwansa suka fara yawaita, kyanwa kuma ta biyo shi, har aka samu kabarin mutum tare da kyanwa a tsibirin Kubrus mai shekaru 9,500.

Da zama ya kankama sai haihuwa ta ƙaru, domin macen da ke yawo da goyo takan yi tazarar kusan shekaru 4 tsakanin haihuwa, alhali wadda ke zaune tana da kunun hatsi da za ta yaye yaro da wuri. Jama'a suka yawaita, namun dajin da ke kusa suka ragu, ciyawar da ake yanka ta kasa isa, sai aka fara watsa ƙwaya a fadamar da ke kusa da gida, aka kuma fara tsare tumaki da awaki da shanu kimanin shekaru 10,500 da suka wuce. Kowane mataki ƙarami ne a idon masu yinsa, amma bayan an haifi 'ya'ya da jikoki a kansa, jama'ar ta fi ƙarfin abin da daji zai ciyar, komawa baya ta gagara.

Yadda ciyawa ta zama hatsi

Bambancin hatsin daji da na gida abu ne da manomin gero ya sani da idonsa, saboda shibra. Shibra takan fito a cikin gonar gero, tana kama da shi tun tana ƙarama har mai noma ya kasa bambance su, amma idan ta nuna sai zangarniyarta ta kakkaɓe, ƙananan ƙwayoyinta masu gashi su zube ƙasa kafin girbi, su jira damina mai zuwa. Gero kuwa yana riƙe ƙwayarsa a jikin zangarniya har a yanke shi, a ɗaure dami, a kai rumbu, kuma ba ya rabuwa da ita sai an sussuka. A daji wannan hali naƙasa ne, domin tsiron da bai zubar da 'ya'yansa ba ba ya barin baya. Amma mai yanka da lauje yakan fi samun irin wannan tsiro, tun da sauran sun riga sun zubar, kuma idan ya ware iri daga abin da ya girbe ya shuka, to ya ƙara yawan masu riƙe ƙwaya ba tare da ya yi niyya ba. Haka aka yi ta yi kaka bayan kaka, ƙwaya na ƙara girma, tana kuma tsirowa lokaci guda, har aka samu tsiron da ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum, mutum kuma ba ya iya rayuwa sai da shi. Nazarin ƙonannun zangarniyoyi ya nuna cewa wannan sauyi ya ci shekaru 1,000 zuwa 2,000, a wasu wuraren ma fiye, ga alkama da sha'ir da shinkafa. Saboda haka kalmar juyin juya hali ta dace da girman sakamakon, amma ba ta dace da saurin tafiyar ba.

Afirka: tukunya, saniya, sannan gero

A yankin da ƙasar Hausa take, abubuwa ba su bi jerin yammacin Asiya ba. Tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasa ce mai ciyawa da tafkuna, Tafkin Chadi kuma ya kai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 300,000. Shaidar wannan zamani ta fito a ƙauyen Dufuna na Jihar Yobe a 1987, lokacin da wani makiyayi mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwalen itace mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono a 1994, awo ya nuna ya kai shekaru 8,000, ya zama kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, tawagar Paul Sereno ta gano a 2000 wata maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin busasshen tafki, tare da ƙugiyoyin ƙashi da ƙasusuwan manyan kifaye da dorina da kada. Mutanen wannan zamani sun san tukunya tun da wuri, domin a Unjugu ta ƙasar Mali an samu katangar tukwane masu shekaru fiye da 11,000, kuma a cikin tukwane suke dafa ƙwayar ciyawar daji.

Dabbobin gida ne suka zo na biyu. Shanu da awaki da tumaki sun bazu a Sahara tun kimanin shekaru 7,500 da suka wuce, an zana su a duwatsun Azbin da Tasili, kuma maiƙon da ya maƙale a tukwanen Takarkori na Libiya ya tabbatar da cewa ana tatsar nono shekaru 7,000 da suka wuce. Fiona Marshall da Elisabeth Hildebrand sun bayyana dalilin a 2002: inda ruwan sama ba shi da tabbas, dukiyar da ke tafiya da ƙafarta zuwa inda aka yi ruwa ta fi gonar da ke jiran ruwa ya same ta. Ke nan a wannan yanki kiwo ya girmi noma da dubban shekaru, kuma garke shi ne ajiyar farko. Shanun wancan lokaci marasa tozo ne, kamar kuri na Tafkin Chadi, domin masu tozo irin bunaji da rahaji tushensu Indiya, daga baya suka shigo.

Da Sahara ta fara bushewa makiyaya suka gangaro kudu, kuma a hannunsu gero ya zama na gida. Ana gane haka ta wata hanya mai ban sha'awa: maginan tukwane sukan cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, idan aka gasa tukunya ƙaiƙayin ya ƙone, amma siffarsa ta zauna a jikin katanga, masana kuma su duba ta da madubin ƙara girma su gane ko na geron daji ne ko na gida. Da wannan dabara aka tabbatar da geron gida a kwarin Tilemsi na arewacin Mali wajen shekara ta 2500 kafin Miladiyya, da dawar gida a gabashin Sudan kusa da Kasala wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya. Wake ya bayyana a Kintampo ta Gana wajen 1800 kafin Miladiyya, shinkafar Afirka mai jan bawo ta fito daga fadamun kogin Kwara a Mali, acca da iburu da gurjiya da doya da zabo su ma 'yan wannan yanki ne. Gero da dawa da wake har Indiya suka kai tun kafin Miladiyya.

A cikin Nijeriya, kufan Gajiganna da ke Borno ya nuna matakan a jere. Mutanen da suka sauka a can wajen 1800 kafin Miladiyya makiyaya ne masu farauta da su da tara ciyawar daji, geron gida bai bayyana a tukwanensu ba sai bayan wasu ƙarnuka, sa'annan wajen 500 kafin Miladiyya aka samu Zilum, gari mai faɗin kimanin hekta 12, kewaye da gwalalo, cike da ramukan ajiyar hatsi. Inda ajiya ta taru, nan tsaro ya zama dole. Mutanen Nok na kudancin Jihar Kaduna, waɗanda suka shahara da mutum-mutumin yumɓu, su ma manoman gero ne tun wajen 1500 kafin Miladiyya.

Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya siffanta Barbushe na Dutsen Dala a matsayin ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa, Waƙar Bagauda kuma ta nuna Kano a matsayin dajin namun dawa da maharba suka fara sauka, suka sare shi suka yi gonaki, har yunwa ta koro mutane daga wasu ƙasashe zuwa inda hatsi yake. Bai kamata a ɗauki waɗannan ruwayoyi a matsayin labarin asalin noma ba, tun da gero ya girmi zuwan Bagauda a 999 da fiye da shekaru 3,000, amma sun adana yadda ake buɗe sabuwar ƙasa: maharbi ne ke gaba, manomi na biye, sarauta ta zo daga baya. Abin da ya ba Dala fifiko shi ne tama, domin awo ya nuna ana narka ƙarfe a gindin dutsen tun ƙarni na 7, kuma gatari da fartanya na ƙarfe su ne suka sauƙaƙa saran daji da huɗa.

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda sarakunan da suka biyo bayansa suka faɗaɗa, ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai tare, don birni ya iya ciyar da kansa idan an yi masa ƙawanya. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, Fagge kuma ta zama zangon fataken da ke zuwa daga arewa, inda Azbinawa ke sauke gishirin Bilma su koma da hatsi da tufafi. Karkarar Kano ta kai matsayin da ake noma gona kowace shekara ba tare da barin ta saura ba, saboda takin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna, tsarin da Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari a kansa. Isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka sun haɗa wannan karkara da kasuwar duniya, dalar gyaɗa ta tashi, abincin ƙetare kuma ya samu hanyar shigowa.

Riba da hasara

Rarar hatsi ita ce ta 'yantar da wasu daga gona suka zama maƙera da marina da malamai da fatake. Rubutu mafi tsufa da aka sani, wanda aka samu a Uruk ta Iraƙi wajen 3300 kafin Miladiyya, akasarinsa lissafin sha'ir ne da dabbobi. Ibn Khaldun ya riga masanan zamani fahimtar wannan a Muƙaddima ta 1377, inda ya nuna cewa rayuwar ƙauye da jeji ita ce tushe, birni da sana'o'insa kuma daga rararta suke tasowa. Ƙissar Annabi Yusuf (AS) da ajiyar hatsi a zangarniyarsa na shekaru 7 ta nuna yadda kula da rumbu ya zama ginshiƙin mulki. James Scott, a littafinsa na 2017, ya ƙara da cewa daulolin farko sun ginu a kan hatsi ne saboda yana nuna lokaci guda a fili, yana aunuwa, yana ajiyuwa, don haka yana da sauƙin karɓar haraji.

Sai dai an biya farashi. Ƙasusuwan manoman farko a wurare da yawa sun nuna gajarta da ruɓewar haƙora da ƙarancin jini fiye da na mafarautan da suka gabace su, domin abincinsu ya taƙaita ga 'yan nau'o'i. A Abu Huraira ta Siriya, Theya Molleson ta tarar da lalacewar yatsun ƙafa da gwiwa da ƙashin baya a ƙasusuwan mata, sakamakon durƙuson niƙa na awoyi a kullum. Cunkoso da zama da dabbobi sun buɗe ƙofar annoba, kuma Frank Livingstone ya danganta yaɗuwar sikila a Afirka ta Yamma, a 1958, da saran daji don noma, wanda ya yawaita sauro da zazzaɓin cizonsa. Ajiya ta kawo gado da bambancin mai shi da maras shi, ta kuma kawo irin yunwar da ke faɗa wa al'umma gaba ɗaya idan damina ta ƙi, kamar yadda aka gani a 1913 zuwa 1914, da 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985. A yau haɗarin ya sauya kama, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, ɗanyen sukari kuma akasari daga Barazil, abin da ya sa yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 da faɗuwar darajar naira suka bayyana nan da nan a farashin buhun fulawa a Singa, alhali gero da dawa da waken da ke cika Kasuwar Dawanau daga gonakin yankin suke fitowa.

Waɗanda ba su zauna ba

Kuskuren da ya fi yawa a wannan batu shi ne ɗaukar tarihi a matsayin tsani, a ce mafarauci na ƙasa, makiyayi na tsakiya, manomi na sama. Kiwon yawo sana'a ce da ta dace da ƙasar da ruwanta ke sauka nan ya tsallake can, kuma ta rayu tare da noma cikin musaya: makiyayi ya kafa mashekari a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, nono ya haɗu da gero a ƙwaryar fura. Zama wuri guda ma bai tsaya a zamanin dā ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwar zama a garuruwa da ribaɗoɗi irin su Wurno don karatu da noma da tsaro, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, an kuma kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989. Amma yawan jama'a da noman rani sun cinye burtali da fadamun da garke ke sha, takin zamani ya rage buƙatar manomi ga saniya, musayar da ta haɗa ɓangarorin biyu ta yi rauni, rikici ya samu gindin zama.

Darasin da tarihin ya bayar a nan a fili yake. Duk inda mutane suka zauna suka dawwama, sun zauna ne bayan sun samu ruwa da ajiya da tsaron da suka fi abin da yawo ke ba su, don haka umarni kaɗai ba ya zaunar da makiyayi, sai an tanadi wuraren kiwo da mashaya da makaranta da asibitin dabbobi, an kuma kare burtalin waɗanda ƙasarsu ba ta karɓar zama. Haka nan gero da dawa da wake da acca, waɗanda manoman wannan yanki suka shafe dubban shekaru suna zaɓen irinsu a ƙarƙashin fari da zafi, sun cancanci kuɗin bincike da masana'antun sarrafawa daidai da waɗanda ake ba shinkafa da alkama. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri suna wannan aiki, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, amma a lokacin da damina ke ƙara rashin tabbas, wajibi ne hukumomi da 'yan kasuwa su ɗauki adana waɗannan irin da inganta rumbunan karkara a matsayin aikin tsaron ƙasa.